Kwaltar filin ajiye motoci ta farfashe: a ɗora sabuwa a kai ko a tone?

Tambaya: Ina da filaza a wajen Titin Gidan Zoo a Kano, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Filin da motoci ke tsayawa ya kai murabba'in mita 1,200, kwaltarsa kuma ta haura shekara goma. Yanzu ta tsattsage, ga ramuka, da damina ruwa yana kwanciya a bakin get. Wani ɗan kwangila ya ce zai ɗora sabuwa mai kaurin santimita 3 a kan tsohuwar cikin kwana biyu. Wani ya ce sai an kwashe komai an faro daga ƙasa, kuɗinsa ya ninka na farkon sau uku. 'Yan haya kuma suna cewa a sa intalok kowa ya huta. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka ba ko ɗaya daga cikinsu kafin alƙalami tukuna, domin a bayaninka ban ji inda wani ya haƙa rami ya ga abin da ke ƙarƙashin kwaltar ba. Wanda ya yanka maka farashi daga tsaye, hannu a aljihu, kintace ya yi, ko farashin ya zo da tsada ko da araha.

Baƙar shimfiɗar nan da ido ke gani ba ita ce ke ɗauke da motocin ba. Tsakuwa ce da yashi da garin dutse aka cuɗa da bitumin kaɗan, wato baƙin man nan mai danƙo da ke haɗe su, wajen kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na nauyin haɗin. Aikinta ta hana ruwa shiga, ta ba taya wurin kamawa, ta raba nauyi ta miƙa shi ƙasa. Masu ɗaukar kayan na gaskiya su ne dakakken dutse ko burjin da aka daddanne a ƙarƙashinta, sai kuma ƙasar wurin ta asali. In waɗannan suna nan da ƙarfinsu, ɗora sabuwa a kai aiki ne mai kyau, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi. In sun jiƙe sun saki, to ɗorawar daidai take da yi wa katangar ƙasa yaɓe bayan ruwa ya cinye gindinta.

Saboda haka ka fara da zagaya filin da ƙafa, da sassafe kafin motoci su cika shi. Inda ka ga kwaltar ta koɗe ta koma ruwan toka, tsakuwa tana ɓaɓɓakewa in ka goga takalmi, ga 'yan tsage dogaye nan da can amma wurin bai lotsa ba, wannan tsufa ne kawai. Rana ce ta ƙona bitumin ɗin ya bushe ya yi tauri, kuma ranar Kano ba ta wasa da wannan aikin. Irin wannan wurin yana karɓar sabuwar shimfiɗa lafiya lau, muddin an share tsagen an cike su kafin a ɗora.

Wanda za ka ji wa tsoro shi ne tsagar da masu aikin ke kira fatar kada, wato ƙananan tsage masu haɗuwa da juna har kwaltar ta rabu gunduwa-gunduwa kamar faɗin tafin hannu. Wannan ba daga sama ta faro ba. Ƙasan ne yake lanƙwasawa duk lokacin da mota ta hau, kwaltar tana bin sa tana lanƙwasawa har ta gaji ta karye. In kana son ka tabbatar, ka tsaya a wurin bayan an ɗauke ruwa, ka sa a wuce da mota a hankali. Za ka ga jan ruwa mai laka yana tsartowa daga cikin tsagar, yana barin jan shati a kan baƙar kwalta in ya bushe. Jan nan burjin ƙasanka ne yake fita kaɗan-kaɗan, kuma gurbin da ya bari shi ne ramin da za ka gani a damina mai zuwa. Duk kaurin da aka ɗora a kan irin wannan wurin, tsagar za ta biyo ta ɓullo a sabuwar, a daidai inda take a tsohuwar.

Akwai kuma wata matsalar da ta zama ruwan dare a garin nan. Filaye da yawa da ake gini a kansu yau, da can kududdufai ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, daga baya aka cike su da bola da ɓaraguzan gini. Bola tana ruɓewa, leda ba ta dannuwa, ƙasar takan yi ta zama a hankali shekara da shekaru. In wani sashe na filinka ya lotsa ya yi kwari mai faɗi ba tare da ya tsattsage sosai ba, ka tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin kafin a yi ginin. Sau da yawa amsarsu ta fi rahoton da za a rubuto maka amfani.

Bayan zagayen sai haƙa. Ka sa leburori su sara ramuka uku ko huɗu, zurfin rabin mita: ɗaya a inda ya fi lalacewa, ɗaya a bakin get ɗin da ruwa ke kwanciya, ɗaya a inda kake ganin lafiyarsa ƙalau. A jikin ramin za ka ga komai a jere, kaurin tsohuwar kwalta, kaurin dutse ko burji, da ko ƙasar a jiƙe take. Ka damƙi ƙasar da hannunka. In ta dunƙule tana danƙo tana ɓata tafin hannu alhali an yi makonni ba a ga ruwan sama ba, to akwai ruwan da ke zuwa daga wani wuri, kuma sai an gano shi. In kana son lissafi na takarda, injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, zai ɗebi samfurin ƙasar ya kai ɗakin gwaji a auna ƙarfinta da gwajin CBR. Ƙa'idar aikin hanya ta Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya tana neman sakamakon gwajin ya kai 80 ga shimfiɗar da ke ƙarƙashin kwalta kai tsaye, 30 ga wadda ke ƙasa da ita. Gwaji mafi araha kuwa shi ne a kawo tifa cike da yashi ta yi ta zagaya filin da tafiyar hawainiya, mutum biyu suna bin ta a ƙasa suna kallon taya. Inda ƙasa ta nutsa ta dawo a ƙarƙashin tayar, a zagaye shi da fenti.

Da wannan fentin za ka yanke hukunci. A nawa ganin, in wuraren da suka lalace har ƙasa ba su kai rubu'in filin ba, ba ka bukatar ɗan kwangila na biyu da tsadarsa. A yanke waɗannan wuraren da injin yanka, kusurwa huɗu, a wuce bakin lalacewar da kamar santimita 30, a kwashe ruɓaɓɓen kayan har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a mayar da dakakken dutse hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 15 ba, ana yayyafa ruwa ana dannewa. Sai a fesa MC1, wato bitumin mai ruwa-ruwa, a kan dutsen a bar shi ya sha aƙalla kwana guda, a cike da kwalta ta zo daidai da tsohuwar, sannan a ɗora sabuwar shimfiɗa a kan filin gaba ɗaya. In kuwa fentin ya cinye kashi ɗaya cikin uku ko fiye, facin zai yi yawa har kuɗinsa ya kusa na sabon aiki, kuma ba zai kai shi ƙarko ba. A nan mai cewa a kwashe ya yi gaskiya.

Amma ko wanne ka zaɓa, maganar ruwan bakin get ita ce gaba da komai, kuma na lura a cikin mutanen ukun babu wanda ya taɓo ta. Ruwan Kano ba ya daɗewa, amma yana zuwa ne a dunƙule, mafi yawansa a Yuli da Agusta, wani lokaci a sheƙa na awa guda ya fi ƙarfin lambatu. Fili irin naka yana son gangara ta santimita 2 a kowace mita, ta nufi inda ruwan zai fita, ba inda zai taru ba. Sai ka duba wane ne ya fi wani tudu, filinka ko titi. A unguwanni da dama an sake gina titi ya hau sama ya bar harabar gine-gine a ƙasa, ruwan titi ya koma shigowa ta get. In haka naka yake, ana bukatar kwata ta kankare mai murfin ƙarfe a gicciye a bakin get ɗin, ta tare ruwan ta kai shi lambatun waje, ko a ɗan ɗaga mashigar ta yi doro. In aikin zai taɓa lambatun gwamnati ko gefen titi, ka je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka nemi izini kafin a fasa komai, kada a zo a tsayar maka da aiki kwalta tana hucewa a cikin mota.

Kada kuma ka tsaya a ruwan sama kaɗai. A filaza, ruwan da ya fi kashe kwalta shi ne na kullum: tankin rijiyar burtsatse da ke ambaliya duk safiya saboda ba wanda ya kashe famfo, bututun rufin bene da ke zubowa kai tsaye a kan fili, ruwan na'urorin sanyaya ɗaki da ke ɗiga wuri guda, wurin alwala da ba shi da magudana, sokawe mai yoyo, da yaran da ke wankin mota a kusurwa. Kowannensu a yi masa bututu ko kwata. In akwai wayar wuta ko bututun ruwa da kake tunanin za a ja nan gaba, a binne bututun roba fanko a ƙarƙashi yanzu, don kada a gama aiki wata uku mai gyaran famfo ya zo da diga.

Sabuwar shimfiɗa tana ɗaga filin, wannan ma abin lura ne. Ka auna tsakanin kwaltar yanzu da dokin ƙofar shagunan ƙasa, da ƙasan get, da murafun sokawe. In tazarar ba ta da yawa, santimita 4 da aka ƙara za ta iya juya ruwa ya shiga shagon mai atamfa. Maganinsa a kankare tsohuwar a gefe-gefe kafin a ɗora. Injin kankarewa yana da wuyar samu ga ƙaramin aiki, kuma hayarsa da kuɗin ɗauko shi ba kaɗan ba ne, don haka galibi yanka gefen ake yi a ɗebe shi da hannu, faɗin mita guda ko biyu, a sassauto da sabuwar a hankali.

Yanzu ga santimita 3 ɗin. Tambaya ta farko da za ka yi masa: kafin rola ta hau ko bayan ta hau? Kwalta tana raguwa da wajen kashi ɗaya cikin biyar in an danne ta, don haka ukun da aka baza za ta dawo biyu da rabi ko ƙasa da haka. Shimfiɗa kuma tana son kaurinta ya ninka girman babbar tsakuwar da ke cikinta kamar sau uku, in ba haka ba tsakuwar ba ta samun wurin zama, rola tana farfasa ta maimakon ta danne ta, ga shi siririyar shimfiɗa tana saurin hucewa. Shi ya sa a aikin tituna na ƙasar nan shimfiɗar sama santimita 4 ce, ta ƙarƙashinta 6. Ga filin ƙananan motoci mai lafiyayyen ƙasa, kada ka yarda da abin da bai kai 4 ba bayan dannewa, mashiga da hanyar da kowa ke bi kuma a ba su 5.

Kauri shi ne inda aka fi cin mai gini, domin ba ya ganuwa in an gama, amma lissafinsa ba wuya. Kowane murabba'in mita, a kaurin santimita guda, yana cin kilo 23 zuwa 24. Filinka na 1,200 a santimita 4 zai ci tan 113 ko kusa da haka, ban da abin da faci da cike kwari za su ci. A santimita 3 tan 85 ne, a biyu da rabi kuwa tan 70. Ka ga ke nan tsakanin aikin kirki da na ha'inci akwai fiye da tan 40 na kwalta, kuma da ido ba za ka bambance su ranar da aka gama ba, duka baƙi ne mai sheƙi. Kowace tifa tana fitowa daga inda ake dafa kwaltar da takardar sikeli. Ka sa yaronka mai amana a get ya karɓi takardar kowace mota, ya rubuta lambarta, da yamma a tara. Bitumin ɗin da ake aiki da shi, mai lamba 60/70, yawancinsa daga waje ake shigo da shi duk da tarin da Allah ya ajiye a ƙasar Ondo, don haka farashinsa yana bin dala. In wani ya zo maka da farashin da ya faɗo ƙasa da na kowa warwas, daga kauri ko daga yawan bitumin zai fanshe.

Sai manyan motoci. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 shi ya nuna cewa ɓarnar da nauyi ke yi wa hanya ba a hankali take hawa ba: in nauyin da ke kan aksul, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu, ya ninka biyu, ɓarnar tana ninkawa wajen sau 16. Nauyin da ke kan aksul ɗin ƙaramar mota bai cika kai tan guda ba, na tirela mai kaya yana kai goma ko ya wuce. Wato shigowar tankar gas guda, ko motar da ke sauke katan-katan daga kasuwar Singa, ta fi dubban ƙananan motoci cin filin. In irin waɗannan suna shigowa, ka ware musu hanya guda da wurin tsayawa guda, a zuba kankare mai rodi kaurin santimita 15 zuwa 20. Haka gaban janareta. Man gas da fetur da baƙin mai dangin bitumin ne, narkar da shi suke yi, shi ya sa za ka ga inda ake juye gas ya yi laushi har kana iya kwarzar tsakuwar da mukulli. Irin wannan wurin ba a ɗora masa sabuwa, yanke shi ake yi a zubar. Mai shayi ko mai tsire da ke hura wuta da dare ma a yi masa dandamalin siminti.

Maganar 'yan hayarka ba shirme ba ce. Intalok yana jure mai, ba ya laushi da zafi, in bututu ya fashe a cire a gyara a mayar, kuma ana iya yin sa kashi-kashi ba tare da an ɗauko manyan injuna ba. A watan Afrilu, da rana tsaka, fuskar kwalta tana haura digiri 60, alhali bitumin yana fara laushi tun daga wajen 50, shi ya sa jakin babur ke lumewa a cikinta. Sai dai intalok ma a kan ƙasa yake zaune. In ƙasan ruɓaɓɓe ne zai yi tudu da kwari cikin damina guda. Intalok na mota kaurinsa santimita 8 ne, mai 6 na masu tafiya a ƙafa ne da ƙananan motoci jefi-jefi, kuma kasuwa cike take da wanda aka buga da ƙarancin siminti, yana marmashewa a shekara biyu. Ga fili mai faɗin naka, ni da zan bar tsakiya da kwalta, in sa intalok a gaban shaguna da inda babura da A Daidaita Sahu ke tsayawa.

Lokacin aiki: ka yi kallo da damina, ka yi aiki da rani. A watan Agusta ka ɗauki hoton duk inda ruwa ya kwanta, ka zagaye shi da fenti. Daga ƙarshen Oktoba, in ƙasa ta tsane, sai a fara. Hunturu yana da nasa sharri biyu. Ƙura tana sauka a kan siririn feshin bitumin da ake yi don ya manne sabuwa da tsohuwa, in ta rufe shi ba zai kama ba, sabuwar ta riƙa zamewa tana tattarewa a inda ake taka birki. Don haka a share filin tas, a hure shi da iska, a fesa iya inda za a rufe a ranar kawai. Sanyin asuba na Disamba da Janairu kuma yana saurin kashe zafin kwalta, gara a jira hantsi. Ka kuma kauce wa goman ƙarshe na azumi da jajibirin Babbar Sallah, lokacin cinikin 'yan hayarka ke nan. A raba filin biyu, a gama rabi a buɗe, sannan a shiga ɗayan.

Ranar shimfiɗa ka zo da kanka. Kwalta tana barin injin dafawa da zafin digiri 150 zuwa 160, ya kamata ta iso a lulluɓe da tamfol, a baza ta tana sama da 130, rola ta gama aikinta kafin ta sauko ƙasa da 80 ko 90. Ɗan ma'aunin zafi na hannu ba shi da tsada, ka sa a caka a kowace mota. Wadda ta yi sanyi ta dunƙule a hanya saboda cunkoso, a mayar da ita, kada ka ji nauyin kowa. Injin shimfiɗa ya kamata ya baza, shebur da manjagara na lungu da kusurwa ne kawai. Rola ta ƙarfe ta fara, mai tayoyin roba ta biyo. Ka sa ido kan ma'aikatan da ke wanke shebur da gas a kan sabuwar kwalta, da kuma mahaɗar layi da layi, nan ne tsaga ta farko ke fitowa in an bar gefe guda ya huce kafin a haɗa shi da ɗayan. Masu dafa bitumin a durom da itace su watsa tsakuwa a kai, aikinsu yana da wurinsa a hanyar da mota ke wucewa kai tsaye, amma a filin da ake murza sitiyari a tsaye tsakuwar ba ta zama.

A takardar yarjejeniya a rubuta kaurin bayan dannewa, da adadin tan, da faɗin facin da za a yi har ƙasa da kuɗin kowane murabba'in mita in ya ƙaru, da inda ruwa zai bi ya fita. A rubuta cewa in an gama za a huda wuri huɗu ko biyar da kai za ka nuna, a ciro curin kwaltar a auna da rula a gabanka. Kafin a biya kuɗin ƙarshe a kawo tankar ruwa a sake shi a filin, a dawo bayan awa guda a ga inda ya tsaya. Sannan ka riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin har damina guda ta wuce a kan aikin. Ƙananan motoci za su iya hawa bayan kwana guda ko biyu, manya su jira mako. Zanen layi kuma a ɗan dakata masa makonni kaɗan har maiƙon saman ya kwanta, kowace mota a ba ta mita 2.5 a faɗi da 5 a tsawo, a bar mita 6 tsakanin sahu da sahu don juyawa.